Eskabeta ta daina jin maganar ƙwaƙwalwarta a Ibeju-Lekki: a sayi birenbos ko a dakata?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Eskabetar da nake kula wa Alhajinmu, mai tan 20, tokunbo ce amma tun da aka fito da ita daga Apapa shekara biyu ke nan ba ta taɓa kwantar mana da aiki ba. Muna cikon yashi a wani fili can bayan Eleko, ta Ibeju-Lekki. Tun ruwan da aka tafka daren Lahadi ta sake hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, ta yi aiki kamar minti 40, sai allon ya fara kuka, ma'aunin zafin ruwa da na juyin inji su ɓace, a murɗa totur ta ƙi ɗaukar wuta. Injin na ci amma ba ƙarfi. In aka kashe ta aka bar ta, wani lokaci ta dawo, wani lokaci ta ƙi. Wanda muka kira ya jona kwamfuta ya ce birenbos ce ta mutu, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa injin, a nemo wata. Kuɗin da ya faɗa kuwa, Alhaji sai da ya cire hula ya sosa kai. Yau kwana huɗu tifofi na juye yashi ba mai bajewa, mai fili kuma ya hana wayata sakat. Lambar da ta fito na ɗauke ta a hoto: SPN 639, FMI 9.

Ɗan Ladipo: Wa alaikumus salam Oga. Turo min lambar da ke jikin birenbos ɗin. In akwai ta a Ladipo kafin la'asar za ka ji ni, in babu mu leƙa Owode Onirin. Beljiyam mai kyau, ba wadda aka taɓa buɗewa ba.

Musa Sikana: Haba Ɗan Ladipo, mara lafiya bai gama amsa sannu ba ka iso da likkafani. Baban Walid, kar ka sayi komai tukuna. SPN 639 ba sunan wani kaya ba ne da ya lalace, sunan layin sadarwar ne kansa, J1939, wato wayoyi biyun nan da ƙwaƙwalwar inji da ta famfon haidirolik da allo suke hira ta cikinsu. FMI 9 kuma na nufin saƙo ba ya isowa a lokacin da ya kamata. Wanda ya rubuta lambar, wato ɗaya daga cikin na'urorin nan, cewa yake "ban ji daga ɗan'uwana ba", bai ce ɗan'uwan ya rasu ba. In ka kira gida Kano wayar ta ƙi shiga, sabis kake fara zargi, ba tabarmar makoki kake shimfiɗawa ba. Kuma birenbos ɗin da ta mutu ba ta aikin minti 40 kowace safiya.

Ɗan Ladipo: Nan kuma ka yi kuskure ɗan boko. Na sha ganin wadda dalmar cikinta ta tsage, da sanyi ta yi aiki, ta ɗau zafi ta buɗe baki. Shekara nawa ina sayar da su?

Musa Sikana: Wannan gaskiya ne, na janye maganar ƙarshe. Akwai irin wannan. Amma ita ce ta ƙarshe a layi, ba ta farko ba. Kuma ka sani na sani, ko ka kawo ta yau ba ɗaurawa kawai ake yi a tafi ba. Sai an zuba mata manhajar da ta dace da lambar injin, a irin injinan zamani har lambobin nozul sai an shigar mata. In aka yi duk wannan wahalar ashe waya ce, wa zai karɓi kayansa?

Ɗan Ladipo: Kayan wuta in ya fita shago ba ya dawowa, wannan kowa ya sani.

Musa Sikana: To ka ji, Baban Walid.

Baba Riwaya Agege: Salamu alaikum. Yarana ku bari in yi wa mai abu tambaya kafin ku raba gado. Ɗana, an wanke ta da famfon wanki mai ƙarfi kwanan nan? An yi mata walda? An taɓa batir, ko an yi mata jan wuta daga wata mota? Sannan akwai wani abu da aka ƙara mata wanda ba da shi ta zo ba, ko fitila, ko rediyo, ko tiraka?

Baban Walid: Baba barka da dare. Wanki an yi ranar Asabar, yaran sun fesa mata ruwa sama da ƙasa don laka ta yi mata yawa. Walda an yi wa bokiti mako biyu da suka wuce, ofareta ya ce an cire kan batir amma ban gani da idona ba. Ban da wannan, batir ba a taɓa ba. Tiraka kuwa akwai, Alhaji ya sa an ɗaura wata uku ke nan, irin wadda ke nuna masa awa nawa ta yi da man da ta sha.

Baba Riwaya Agege: To. In tana nuna masa man da inji ya sha, akwai yiwuwar a kan wayoyin sadarwar nan aka jona ta, can take satar ji. Ajiye wannan a gefe guda.

Ɗan Zuru Ofareta: Allah ya ƙara! Tun da aka shigo da tirakar nan ba mu da kwanciyar hankali. Mutum na cikin rana tun bakwai na safe, Oga na kwance a Ikoyi yana kirga maka lita a waya. Yanzu ga shi ta kashe musu inji.

Baban Walid: Ɗan Zuru kar ka sa in yi magana. Kafin tirakar nan jarka nawa ke bin bayan katanga da daddare? Da tsadar gas ɗin nan, ko ni ne mai inji sai na sa.

Ɗan Zuru Ofareta: Ba kowa ne ɓarawo ba yallaɓai. Kuma a biya mutum haƙƙinsa a kan lokaci a gani in zai kalli tanki.

Shugaban Zaure: Don Allah a bar maganar gas, mun yi ta a watan jiya har mutum biyu suka fita. A koma kan eskabeta.

Baba Riwaya Agege: Ɗana, gobe da safe ka nemo mitar auna wuta, ko ta ɗan riwayan unguwa ce. Ka fara da batir, don irin waɗannan bolt 24 ne, batir biyu a jere. In inji na ci ya kamata ka ga wajen bolt 27 zuwa 28. Ka kama kawunan batir ka girgiza, ka bi wayar at, wato ta nagetif ɗin batir, har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe, ka kwance ka goge wurin ya yi fari. Rabin abin da ake ce wa ciwon birenbos a garin nan yunwar wuta ce. Daga nan ka kashe komai, ka cire kan batir, ka juya mita zuwa om, wato ma'aunin yadda waya ke tare wuta. Ka nemo wayoyi biyu da aka murɗe su tare kamar igiya, galibi rawaya da koriya. Ka auna tsakaninsu. Ka gaya min lambar da ka gani, kar ka gaya min ra'ayinka.

Musa Sikana: Ƙari kan maganar Baba: wuri mafi sauƙi shi ne soket ɗin da ake jona kwamfuta. A manyan motoci mai zagaye ne mai rami 9, rawaya a C, koriya a D. Amma kar ka ɗauka ko'ina haka ne, Caterpillar alal misali sun jera nasu daban, wasu kamfanonin ma soket ɗin nasu wani iri ne. Turo min hoton farantin injin ta bayan fage in duba maka zanen wayoyinta.

Baban Walid: Na tura. Amma ku yi min bayani yadda zan gane, me nake nema? Don Alhaji zai tambaye ni.

Injiniya Hajara: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce, ɓangaren lantarki na karanta, amma wannan layin na san shi. Sunansa CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a 1986, J1939 kuma shi ne tsarin da manyan motoci da injinan gini suke bi a kansa. Malam, ɗauki layin kamar dogon zaure wanda kowa ke magana a ciki. In zauren fanko ne, ka yi magana sai amsa-kuwwa ta dawo ta haɗu da maganar da ke biye, ba a gane komai. Shi ya sa ake sa razista, wani ɗan ƙaramin kayan wuta mai rage ƙarfin wuta, mai om 120 a kowane ƙarshen layin, ta shanye saƙon kar ya dawo. Guda biyu ne, kuma da yake a haɗe suke gefe da gefe, mita za ta nuna maka 60. In ka ga 120, ko ɗaya ta ɓace ko waya ta yanke a tsakani. In ka ga kusa da sifili, wayoyin biyu sun haɗe da juna. In ka ga 40, wani ya ƙara ta uku. Murɗe wayoyin da aka yi ma ba ado ba ne: duk hayaniyar wutar da ta taso daga altaneta ko kik tana shiga su biyun daidai wa daida, su kuma ƙwaƙwalen bambancin da ke tsakaninsu kawai suke karantawa, sai hayaniyar ta faɗi a banza.

Baba Riwaya Agege: Allah ya yi miki albarka 'yata. Shekara da shekaru ina auna 60 ɗin nan, na san in babu ita akwai magana, amma zancen amsa-kuwwa yau na fara jin sa.

Musa Sikana: Baba ashe riwayar taka ba isnadi, sai yau aka kawo mata.

Baba Riwaya Agege: Kai dai ci gaba. Ranar da batirin kwamfutarka ya mutu a dajin Epe za ka nemi mai mita.

Baban Walid: Barkanmu da safiya. Batir lafiya, 27.6 inji na ci. At ɗin ya ɗan yi tsatsa, mun goge. Mun cire kan batir mun auna inda Musa ya nuna min. Mita ta ce 40.3.

Musa Sikana: Ga ta nan, razista ta uku. Ku bi wayar tiraka.

Baban Walid: Mun same ta a bayan kujerar ofareta. Wanda ya ɗaura feɗe rawaya da koriya ya yi da reza, ya naɗa nasa wayoyin a kai, ya rufe da baƙin tef. Tef ɗin har ya saki, yana danƙo. Mun cire, mun rufe wurin, mita ta dawo 60 cif. An tayar da ita yanzu awa biyu tana aiki ba ko tari. Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Alhaji ya ce a gaishe da Baba.

Ɗan Zuru Ofareta: Me na ce? A rubuta a ajiye, tiraka ce.

Injiniya Hajara: Ina taya ku murna, amma Malam kar ka sallami mai mita tukuna. Om 40 ba daidai ba ne, sai dai sau da yawa layi na iya lallaɓawa da shi, musamman gajere irin na eskabeta. Abin da ya tsaya min shi ne wata uku tirakar na jiki ba abin da ya faru, sai bayan wanki da ruwan Lahadi. Me ya canza a makon nan? Ba tiraka ba ce ta canza.

Baban Walid: Hajiya bakinki da kyar ya sauka. Ƙarfe biyu da rabi, tana cikin tafiya za ta koma ɗaya gefen filin, allon ya sake kuka. Lamba ɗaya. Wallahi kamar in zauna a yashin nan in yi ta kallon teku.

Ɗan Ladipo: Ina nan dai. Ban ce komai ba. Lambar birenbos kawai nake jira.

Baba Riwaya Agege: Ɗana kwantar da hankalinka, yau ka ba ni labarin da ya fi na jiya amfani. Ka ce tana cikin tafiya. Tambayi ofareta, sauran ranakun ma lokacin da take tafiya ne ko take girgiza bokiti?

Baban Walid: Ya ce ƙwarai, yawanci in ya taka ta ne, ko ya buga bokiti don yashi ya zube. Wai bai ɗauka yana da muhimmanci ba.

Baba Riwaya Agege: To ba zafi ba ne, jijjiga ce. Minti 40 ɗin da kake lissafi lokacin da yake gama wuri ɗaya ne ya matsa gaba. Abin da jijjiga ke kashewa ta kuma tayar, haɗi ne da ya saki. Ciwon da ke zuwa yana tafiya ba a kama shi inji na tsaye shiru, don a lokacin lafiyarsa ƙalau, 60 zai nuna maka har gobe. Ka maƙala mita a kan wayoyin nan biyu, batir a cire, mutum ɗaya ya zuba mata ido kar ya ƙifta. Wani ya bi damin wayoyin tun daga bayan allo har ƙwaƙwalwar inji, taku-taku, yana lanƙwasawa yana jan kowane soket a hankali. Inda lambar ta yi tsalle, nan ɓarawon yake. Da ƙafata na da ƙarfi da na zo, amma daga Agege zuwa Eleko da gosulon Ajah, sai in isa an yi sallar isha'i.

Musa Sikana: Baba ni zan je. Ina da aiki a Sangotedo gobe da safe, daga can ba nisa. Baban Walid ka tanadi ruwan sanyi.

Shugaban Zaure: Madalla. Musa in ka je ka ɗauko hotuna saboda masu koyo.

Musa Sikana: Jama'a ga rahoto. Na isa sha ɗaya saura. Na fara jona kwamfuta don in ga su wa ke magana a layin: allo na nan, ƙwaƙwalwar famfo na nan, ta inji na nan. Na sa ofareta ya taka ta, ina kallo ta inji ta ɓace daga jerin, bayan daƙiƙa kaɗan ta dawo, ta sake ɓacewa. Da makulli a kunne na auna kowace waya da jikin ƙarfe, rawaya bolt 2.7, koriya bolt 2.3, wato ba wadda ta taɓa at ko wutar batir. Sai muka koma hanyar Baba. Yaron Baban Walid na riƙe da mita, ni ina bin dami. Bayan allo shiru. Bayan kujera inda aka feɗe shiru. Da na kwance farantin da ke ƙarƙashin ɗakin ofareta na sa hannu na taɓa wani babban soket mai toka-toka, sai yaron ya yi ihu wai 120, na saki ya ce 60, na taɓa ya ce 120.

Da na buɗe shi ruwa ne ya fara zubo min a hannun riga, kusan cokali guda, da yashi a ciki. Robar da ke toshe bayan soket ɗin babu ita, wani ya taɓa aiki a wurin tun kafin injin ya zo hannunsu bai mayar ba. Haƙoran ciki yawancinsu da sauƙi, amma na koriyar waya ya yi kore shar kamar tsohon kwabo, na ja shi da ɗan yatsa biyu kawai sai ya gutsure, ashe silin waya biyu ko uku ne suka rage suna riƙe da shi. Razista ɗaya tana can ɓangaren inji, shi ya sa duk lokacin da haɗin ya buɗe mita ke ganin guda ɗaya tak.

Na sa sababbin haƙora a rawaya da koriya, na matse su da filayar da aka yi don haka, na wanke sauran da feshin soket, na busar, na samo robar baya a wani tsohon dami da ke motata. Inda mai tiraka ya feɗe ma na yanke na sake haɗawa, na sa robar da ake gasawa ta matse, na mayar da murɗin yadda yake. Mun taka ta daga wannan katanga zuwa waccan sau shida, mun buga bokiti har mai gadi ya fito kallo. Ba lamba ko ɗaya.

Injiniya Hajara: Sannu da aiki Malam Musa. Iskar wajen nan gishiri gare ta, ga wuta na bi ta cikin haɗin kullum, jan ƙarfe ba ya daɗewa in ruwa ya samu hanya. Mai yiwuwa ya daɗe yana ci a hankali, wankin Asabar da ruwan Lahadi suka ƙarasa shi.

Baba Riwaya Agege: Aikinka ya yi kyau ɗana. Abu ɗaya zan ƙara: Baban Walid, ka hana yaran nan saita bakin famfon wanki a kan soket da ƙarƙashin ɗaki. Ƙafafu da bokiti su fesa yadda suke so. Kuma ranar walda ka tsaya da kanka ka ga an cire batir, a kuma maƙala at ɗin walda kusa da inda ake aiki. Wannan karon kun tsira, amma na ga birenbos ɗin da walda ta soya, ita kam sai Ɗan Ladipo.

Ɗan Ladipo: Ka ji dattijo mai adalci. Musa, kai kuma da kwamfutarka da komai, ƙarshe da hannu ka lalubo.

Musa Sikana: Kwamfutar ce ta gaya min wace ƙwaƙwalwa ke faɗuwa daga layi, shi ya sa ban ɓata lokaci a ɓangaren famfo ba. Amma na yarda, ba ta san inda ruwa ya kwanta ba. Wanda ya fara zuwa ma na'urarsa ba ta yi ƙarya ba, shi ne ya karanta lamba ya tsaya a nan.

Ɗan Zuru Ofareta: To ni dai har yanzu ban wanke tiraka ba.

Baban Walid: Ɗan Zuru sai haƙuri, don Alhaji ya ce a mayar da ita ranar Litinin. Yau kwana biyu ke nan tana aiki tun safe har yamma, yashin da ya taru mun kusa cinye shi. Musa, yaya za a mayar ba tare da an koma gidan jiya ba?

Musa Sikana: Ka ce wa mai ɗaurawa ya kashe razistar cikin tirakar, yawancinsu ana iya yi, ko ta ɗan makunni ko ta manhaja. In zai yiwu ma ya kawo irin abin karatun da ake maƙalawa a bayan waya, yana jin saƙon ba tare da an feɗe komai ba. In ya gama kar ka biya shi sai ka cire batir ka auna da kanka a gabansa.

Baban Walid: An gama. Mitar ma na sayi tawa jiya a Ajah, tana cikin akwatin ɗakin ofareta. Baba, Alhaji ya ba da saƙon goro, wa zan ba ya kawo maka Agege?

Baba Riwaya Agege: Ba wa Musa, ya cire kuɗin motarsa a ciki. Sauran ya kawo min da kansa ranar Juma'a, akwai wata gireda a nan da ke nuna lambar da ban taɓa gani ba, ya taho da kwamfutar tasa.